Magilin Mai Duba Ƙwai

Ku daina ce mini mutanen ƙauyenmu ba sa ɗaukar rai. Na ji, na gaji da ji. Duk ranar cikar wata muna sa fararen kaya mu hau tudu zuwa pansala, wurin ibadarmu na Buddha, mu durƙusa gaban babban Hamuduruwo, shugaban sufayenmu, mu maimaita dokoki biyar, ta farkonsu kuwa ba za mu kashe komai ba, ko sauro ne. Da kyau. To ƙwan da ake ci a garin nan, wanda in aka jera ɓawonsa zai kai Kolombo, babban birni, ya dawo, wa ke fasa shi?

Magilin Akka, wato Yaya Magilin, ke fasa shi. Shekara arba'in da ɗaya tana wannan aiki, ko na gode ba ta cika samu ba.

'Yar bakin teku ce, ubanta masunci. Jinoris mai hawan kwakwa ya auro ta ya kawo ta nan cikin tuddai, kuma tun ranar da ta sauko daga mota matan gari suka ce wai tana ƙarnin kifi. Su ɗin nan da ba sa iya haɗiye loma ɗaya ta shinkafa sai da kifi a gefe! Amma ai su saye suke yi a mace, wurin Anton mai keke, wanda Kirista ne, alhakin yana kansa. Magilin ta kafa murhu a mararraba, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta fara suyar appa, irin wainarmu, da ƙullun shinkafa da madarar kwakwa. Gefen appa ɗinta siriri ne kamar fiffiken fara, tsakiyar kuma taushi. In kana so ta fasa maka ƙwai a ciki, da hannu ɗaya, tana hira, ko kallo ba ta yi.

Ka ga dai cin ƙwai ba laifi ba ne in ka tarar da shi a fashe. Fasawar ce zunubi, don tsofaffinmu sun ce akwai rai kwance a ciki. Ka sa wani ya fasa maka, shi ma zunubi ne. Saboda haka babu macen da ta taɓa buɗe baki ta ce wa Magilin "fasa mini". Haba, mu da iliminmu? Sai ka ga mace ta taho da ƙwai shida ƙunshe a bakin zane, da kwano a hammata, ta ajiye a kan benci, ta ɗaga kai tana kallon mangwaro.

"Akka, ɗan duba mini waɗannan, kamar sun lalace."

Magilin ta duba su ɗaya bayan ɗaya a bakin kwano, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Lafiyarsu lau, Nangi, ƙanwata."

"Wayyo, sun fashe? To shi ke nan, ba a zubar da abinci."

Ta ɗauki kwanonta ta tafi da tsarkinta. Ni ma na kai dubiya, ba zan ɓoye muku ba, sau dubu ma. Amma ni ina gaishe ta a hanya, kuma in ta shigo gidana a kujera take zama.

Jinoris ya mutu bara, farkon damina. Ba daga bishiya ya faɗo ba, duk da shekara hamsin yana neman hakan. A kan tabarma ya mutu, yana mitar shayinsa ya yi sanyi. Sadakar kwana bakwai 'yan'uwansa suka ɗauke ta zuwa gidan babban wansu, suka ciyar da sufaye a can, Magilin kuwa aka ba ta aikin wanke ganyen ayaba a bayan gida. Ko ludayi ba su bari ta taɓa ba. Matar mamaci fa!

Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce mini, "Nangi, mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa ƙoshi da girkin wata ba. Ko gidan biki muka je, sai ya dawo ya ce in ɗora tukunya. Ladan abincin da matar wansa ta dafa, kina jin zai karɓa? Zai tura shi gefe ne ya ce gishiri ya yi yawa."

Ga kuma wani hankaka da ya maƙale mata a taga, kullum da hantsi yana ihu. Ta ce Jinoris ne, yunwa yake ji. Na ce Akka, hankakan nan ya fi Jinoris fara'a. Ba ta yi dariya ba. Ta ce sadakar wata uku ita za ta yi, a gidanta, da hannunta, sufaye biyar, ta zuba ruwa ta miƙa masa ladan ya samu ya wuce inda zai wuce. In ranar ta kuɓuce, sai shekara. Shekara guda mutum yana tsaye a taga!

To a nan Malama Wimala ta shigo. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ita ke shugabantar matan pansala, kuma tun da idon babban Hamuduruwo ya raunana, ita ke tsara wane gida sufaye za su ci abinci a wace rana. Mace ce da ke share hanya da ido kafin ta taka, kada ta take tururuwa, in akwai mai kallo. Shekara goma tana shelar ta bar nama da kifi. Amma ku leƙa madafarta, turmin dakan busasshen kifi ya fi na kowa zurfi. Na taɓa tambayarta, ta ce, "Wannan ai ba kifi ba ne, kayan ɗanɗano ne." Wato da ya bushe sai ya koma citta.

Na raka Magilin wurinta. Ba ta ce mu zauna ba.

"Nona, uwargida, na zo ne a kan sadakar wata uku ta maigidana. Ranar Laraba ce, sha bakwai ga wata."

Malama Wimala ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Wa zai dafa?"

"Ni."

"Da waɗannan hannayen?"

Magilin ta dubi hannayenta, gaba da baya. "Su kaɗai gare ni, Nona."

"Magilin, kada ki ɗauka da zafi. Abincin sufaye abu ne mai tsarki. Hannun da ke kashe rai ɗari kafin hantsi, a ce shi zai miƙa shinkafa cikin kwanon Hamuduruwo? Ladan ma kafin ya isa wurin mijinki ya tsiyaye."

Na ce, "Malama, cikin ɗarin nan nawa ne naki?"

Ta yi kamar iska ce ta wuce. Ta ce sharaɗi ɗaya ne. Daga yau har ranar sadaka Magilin ba za ta fasa ƙwai ba, ko ɗaya, kuma ta je gaban gunkin Buddha ta ɗauki alkawarin da bakinta. Wata biyu da rabi ke nan, ga mace da rabin cinikinta appa mai ƙwai ne. Na ja zanen Magilin mu tafi, mu je wurin Hamuduruwo kai tsaye. Ta ƙi. Ta ce ba za ta fara sadakar mijinta da ƙara ba. Ta hau tudu a ranar, ta ajiye furanni, ta ɗauki alkawari.

Jama'a, ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Kwana uku kacal garin ya rikice. Mata suka riƙa zuwa da ƙwai a bakin zane suna kallon mangwaro.

"Akka, ɗan duba mini."

Magilin ta ɗaga ƙwan sama, ta kalle shi a hasken rana, ta girgiza shi a kunne, ta mayar.

"Lafiyarsa lau, Nangi. Na duba."

Sai ka ga mace ta mayar da ƙwanta bakin zane ta juya, don abin da ta roƙa shi aka yi mata. Daga nan aka shiga dabaru. Matar mai gidan waya ta riƙa ajiye ƙwai a bakin tebur, ta sa kwano a ƙasa, ta fita ta buga ƙofa da ƙarfi. Wata ta koya wa kyanwarta. Wata kuma ta riƙa aiken mijinta kasuwa da ƙwai a aljihun wando, ta ce ya bi ta hanyar da ta fi ramuka. Wata biyu cur aka yi ƙwai na faɗuwa da kansa a garin nan kamar mangwaron da ya nuna. Kuma duk wanda ya faɗi, cikin kwano yake faɗawa.

Magilin kuwa rabin masu sayen appa suka watse. Direbobin motar safe suka koma ci a gari na gaba. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ta yi ƙorafi ba. Tana tara kayan sadaka kaɗan kaɗan, yau jar shinkafa, gobe tukunyar ƙasa sabuwa, jibi farin ƙyalle na shimfiɗa wa sufaye.

Saura kwana huɗu, ina zaune a bencinta, sai ga Malama Wimala da kanta, da lema, da kwando lulluɓe da tawul. Ɗanta ya samu aiki a Koriya, zai tashi ƙarshen mako, za ta tara mutane a yi masa addu'a, tana son yin kek irin na gidan masu kuɗi. Ƙwai ashirin da biyar.

Ta kalli mangwaro. "Magilin, ɗan duba mini waɗannan."

Magilin ta duba su a hasken rana, duk ashirin da biyar, ba ta tsallake ko ɗaya ba. "Lafiyarsu lau, Nona."

"Ba irin wannan dubawar ba." Ta rage murya. "Ni na sa sharaɗin, ni kuma na ɗage shi na yau kaɗai. Ba wanda zai ji."

Na yi tari, don ta san akwai wanda zai ji.

Magilin ta ce, "Ba ke na yi wa alkawari ba, Nona. A kan tudu na yi shi."

Fuskar Malama Wimala ta koma kamar an jiƙa tsamiya. Ta ɗauki kwandonta ta juya.

Ba ta soke sadakar ba, ta fi haka wayo. Sai kawai muka ji addu'ar ɗanta ta faɗo ranar Laraba, sha bakwai ga wata, ƙarfe tara na safe, sufayen nan biyar dai. Wai ai ba komai, addu'a ce kawai da ɗaurin zaren albarka a hannu, ƙarfe goma sun gama, su wuce gidan Magilin su ci abinci. Kuma duk matan da suka yi alkawarin taya Magilin girki, aka gayyace su can. Ɗaya bayan ɗaya suka zo ba da haƙuri, kowacce da ciwon bayanta. Waɗannan fa su ne ta shekara arba'in tana ɗaukar musu zunubi a bakin kwano!

Mu biyu muka yi girkin. Ni na kankare kwakwa har hannuna ya daina jin kansa. Jar shinkafa, miyar wake da madarar kwakwa, kabewa, yalo soyayye, ganye da kwakwa, rogo, kindirmon ɓauna, zumar kwakwa, da kifi mai tsami irin na uwarta, wanda ta saya a mace wurin Anton kamar kowace mai tsarki. Ƙarfe goma komai ya sauka. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujeru biyar na aro, ta ajiye ruwan wanke ƙafa a bakin ƙofa, ta sa farin zane, ta tsaya.

Goma da rabi, shiru. Sha ɗaya, shiru.

Kun dai san sufi ba ya cin komai in rana ta raba. Ko loma ce a hannunsa, in inuwa ta karkata, ajiye ta zai yi sai gobe. Kuma ba ya buɗe baki ya ce yunwa nake ji, ko ku tashi mu tafi, ba ya ma ɗaukar abin da ba a miƙa masa a hannu ba. Inda aka zaunar da shi nan zai zauna. Daga gidan Malama Wimala zuwa na Magilin kuwa sai an ratsa gonakin shinkafa an hau gangare, ga babban Hamuduruwo da shekara tamanin da bakwai, tafiyarsa kamar ana jan kabad.

Na tattare zane na ruga na leƙo. Addu'a an gama tuntuni, zare na hannun kowa. Amma Malama Wimala na tsaye tana jawabi a kan tarihin ɗanta, ta kai aji uku na firamare. Agogon bangon falonta kuwa yana cewa goma da kwata. Ni ban ga wanda ya taɓa agogon nan ba, kada ku ce na ce. Na dai ga kujera a ƙarƙashinsa, da sawun ƙafa a kai.

Na dawo da gudu na gaya wa Magilin. Na ɗauka kuka za ta yi. Ta kalli kujerun nan biyar, ta kalli rana, ta ce, "Jawo amalanken Jinoris."

"Akka, me za ki yi?"

"Jawo, Nangi, bakinki ya huta yau."

Muka jera tukwane tara a amalanken da yake ɗaukar kwakwa, muka cusa tsumma a tsakaninsu, ta yaye fararen ƙyallayen ta ɗaura a kafaɗa. Ita a gaba tana ja, ni a baya ina riƙewa kada gangare ya kwashe mu. Tsohuwa mai shekara sittin da biyar, da wata biyu da rabi na rama, amma na rantse ƙafafuna ba su taɓa ƙasa ba sai sau uku. Miyar wake ta yi mini wanka. Karnukan garin duka suka bi mu.

Muka shiga farfajiyar Malama Wimala da ƙarar taya, ana tsakiyar aji biyar. Magilin ba ta kalli kowa ba. Ta wuce gaban manyan baƙi, ta durƙusa gaban babban Hamuduruwo, goshi a ƙasa.

"Hamuduruwo, yau wata uku da rasuwar Jinoris. Na kawo sadakarsa. Ku karɓa, don tausayi."

Malama Wimala ta yi tsalle. "A gidana? Magilin, kin haukace? Ai da sauran lokaci, dubi agogo! Ki koma gida, yanzu za su taho."

Tsohon bai dubi agogo ba, ba ya ma ganinsa. Ya miƙa wuya ya dubi inuwar ginshiƙin baranda, wadda ta matse ta koma kamar tafin hannu. Sauran sufaye huɗun su ma ita suke kallo tun ɗazu, ɗaya har ya yi zufa.

Ya ce, "Agogon nan na baranda bai san jawabi ba. Magilin Nona, zuba."

Ya buɗe kwanonsa.

Ban taɓa ganin an yi rabo da sauri haka ba. Ita shinkafa, ni miya, ita kifi, ni kabewa. Matan nan masu ciwon baya, da suka ga Hamuduruwo ya karɓa, sai bayan kowacce ya warke, suka taso za su kama ludayi su samu rabon lada. Magilin ta ce, "Ku zauna, 'yan'uwa, kada ciwon ya tashi." Da hannunta ta miƙa komai, kwano biyar, tukunya tara. Tsohon ya ci kifin nan har ya nemi ƙari da ido.

Malama Wimala ta ga ana cin lada a barandarta ba da ita ba. Ta ruga ciki ta fito da kek ɗin, ta yanka, ta durƙusa ta miƙa. Hamuduruwo ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya shinshina.

"Wannan da ƙwai aka yi shi."

"E, Hamuduruwo."

"Na ji an ce ƙwai ya yi wuya a garin nan. Wa ya fasa?"

Malama Wimala ta kalli farantin kek.

"Faɗuwa suka yi, Hamuduruwo."

"Guda nawa?"

"Ashirin da biyar. Kwandon ne ya suɓuce."

Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya jinjina kai. "Kwando mai ladabi. Ko ɓawo ɗaya bai bari a ciki ba."

Wani daga cikin baƙi ya shaƙe da shayi, sai da aka bubbuga masa baya.

Suka wanke hannu inuwar tana gab da ɓacewa. Sai aka kawo buta da kofi a kan faranti. Magilin ta riƙe butar da hannu biyu, tana zuba ruwa a hankali, sufaye na karatu, har kofin ya cika ya tumbatsa cikin faranti. Hamuduruwo ya kira sunan Jinoris, ya ce ladan abincin nan ya isa gare shi duk inda yake. Kowa ya ce sadu, sadu, wato amin ɗinmu. Magilin ta ci gaba da zubawa har ruwan ya ƙare.

Yanzu ku ji abin da ya sa har yau in na tuna nake jin kamar in ciji tabarma. Ranar cikar wata da ta biyo baya, muna zaune a pansala cikin fararen kaya, aka kunna lasifika ana karanta gidajen da suka ciyar da sufaye a watan. Sai muka ji: ranar sha bakwai, sadakar rana, abinci kala tara, a gidan Malama Wimala da iyalanta, lada ya kai gare su. Ko sunan Magilin babu. Wai ai wurin da aka ci ake rubutawa, haka tsarin yake tun da. Kuma ta zauna a sahun gaba tana sunkuyar da kai, mutane na ce mata sadu!

Na miƙe zan tafi wurin lasifikar nan, na rantse da sai an kira 'yan sanda. Magilin ta damƙe mini zane ta zaunar da ni.

"Akka, ba ki ji ba? Ta sace miki sadaka a gaban gari!"

"Na ji."

"Shi ke nan? Kin ji?"

Ta gyara furannin da ke cinyarta. "Nangi, Jinoris kurma ne tun yana da rai, sai na yi ihu a kunnensa yake jin an gama abinci. Lasifika ba za ta dame shi ba. Ya ci, ya ƙoshi. Zauna, kina take mini fure."

Na zauna. Amma ni ban ɗauki alkawarin yin shiru a gaban kowa ba, kuma duk motar da ta tsaya a mararraba sai na ba direban labarin nan, da fasinjojinsa.